Tallata Podkas da Tara Masu Sauraro a Ƙasar Hausa

[Taken shiri]

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi podkas, wato shirin magana da ake naɗa a ɗora a intanet kashi-kashi, domin mai sauraro ya sauke shi a wayarsa ko ya ji shi kai tsaye a duk lokacin da ya ga dama. Naɗar irin wannan shiri ta yi sauƙi ƙwarai a yau, tun da waya ɗaya da ɗaki mai shiru sun isa a fara, amma samun wanda zai saurara bai yi sauƙi ba, kuma a nan ne da yawa daga masu farawa suke karaya su ajiye, alhali ba lallai ne shirin nasu ya rasa ma'ana ba.

Tushen wahalar yana cikin bambancin da ke tsakanin podkas da rediyo. Tashar rediyo tana da mita, duk wanda ya murɗa akwatinsa yana iya faɗawa kanta ba da niyya ba, akwati ɗaya kuma yana isa kunnen duk wanda ke zaune a teburin mai shayi ko a cikin motar haya, ga shi sabon shiri yakan gaji jama'ar da shirin da ya gabace shi ya tara, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Podkas ba shi da wannan gata ko kaɗan. Rediyo tamkar mai talla ne da ke bi gida-gida da faranti a ka, podkas kuwa shago ne a ƙuryar lungu, wanda ba ya ganin kowa sai wanda aka yi wa kwatance. Kafin mutum ɗaya ya zama mai sauraro, sai ya ji sunan shirin a wani wuri, ya riƙe sunan, ya nemo shi, ya yarda ya ƙona datarsa a kansa, sannan bayan mako guda ya tuna ya dawo, kuma a kowane ɗaya daga waɗannan matakai akwai waɗanda suke zubewa.

Saboda haka tallata podkas aiki ne na rage wa mutum wahalar waɗannan matakai, wanda ya fi kowa iya yin kwatancen kuwa shi ne wanda ya riga ya ji shirin ya gamsu. Mutum yakan wuce tallan da ya gani a Facebook ba tare da ya waiwaya ba, amma da wuya ya yi banza da saƙon yayarsa ko na abokin sana'arsa da ya ce masa ya saurari abu kaza, domin mai turowa ya san halinsa, kuma ya sa mutuncinsa a cikin turowar. Duk wata dabarar talla ana iya auna ta da tambaya guda, ko ta sauƙaƙa wa mai sauraron da ake da shi ya miƙa shirin ga wani, ko kuwa 'yan kallo ta tara waɗanda za su watse kafin kashi na gaba ya fito.

Kafin a kai ga haka, dole shirin ya kasance inda za a same shi, wannan kuwa yana buƙatar a fahimci yadda podkas yake tafiya. Mai shiri yana ɗora sautinsa ne a wurin kamfanin ajiya, wato kamfanin da ke riƙe fayiloli a manyan kwamfutocinsa, shi kuma kamfanin ya ba shi wani adireshi da ake kira RSS, wanda jeri ne mai ɗauke da sunan kowane kashi da bayaninsa da inda sautinsa yake, yana kuma sabunta kansa duk lokacin da aka ƙara sabo. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka mai suna Dave Winer shi ne ya shigar da damar liƙa fayil ɗin sauti a wannan tsari a ƙarshen shekarar 2000, sai dai abin bai zama ruwan dare ba sai bayan watan Yunin 2005, lokacin da kamfanin Apple ya buɗe wa podkas sashe a manhajarsa ta iTunes. Amfanin tsarin shi ne sau ɗaya ake miƙa adireshin ga kowace manhaja, irin su Apple Podcasts da Spotify, daga nan su ne za su riƙa ɗauko sabon kashi da kansu.

Sai dai galibin shawarwarin da ake samu a kan wannan batu an tsara su ne don Amurka da Turai, inda wayar iPhone take da yawa, wanda ya kwaso su yadda suke ya kawo Kano ko Damagaram kuwa zai yi ta sallama ne a gidan da ba kowa. Wayoyin da suka cika hannun jama'a a Najeriya da Nijar masu tsarin Android ne, musamman Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin yake ƙerawa, kuma ba sa zuwa da manhajar Apple. Manhajar da Google ya yi musamman don podkas an rufe ta a 2024, aka mayar da hidimar cikin YouTube Music, Spotify kuma bai fara aiki a Najeriya da Ghana ba sai a watan Fabrairun 2021, lokacin da Boomplay da Audiomack suka riga suka zauna a wayoyin matasa. Wuraren da mai jin Hausa ya saba buɗewa kullum su ne WhatsApp da Facebook da TikTok da YouTube. Shi YouTube ya zama babbar matattarar podkas a duniya baki ɗaya, har kamfanin ya sanar a watan Fabrairun 2025 cewa masu bin podkas a cikinsa sun haura biliyan 1 a wata, kuma fifikonsa a kan sauran shi ne yana kai wa mutum shirin da bai nema ba gwargwadon abin da ya saba kallo, abin da ya ɗan yi kama da murɗa akwatin rediyo. Aibinsa kuma biyu ne, bidiyo yana cin data fiye da sauti nesa ba kusa ba, sannan ga wanda ba ya biyan kuɗin wata, sautin yana yankewa da zarar ya kulle fuskar wayarsa, abin da ke hana direba ko tela ko mai girki jefa waya a aljihu ya ci gaba da aikinsa.

Maganar data ba ƙarama ba ce, kuma lissafinta a bayyane yake. Sautin magana da aka matse a kan kilobit 64 a daƙiƙa, wanda ya wadatar wa muryar mutum idan an naɗe ta da kyau, yana cin kusan rabin megabait a minti, ke nan shirin minti 30 zai tashi a wajen megabait 14, idan kuwa aka bar shi a kan 128, kamar yadda ake yi wa kiɗa, nauyin ya ninka ba tare da mai sauraro ya ji wani bambanci a ƙaramar lasifikar wayarsa ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100, saboda haka duk megabait da mai shiri ya rage, daga aljihun mai sauraronsa ya rage. Akwai kuma wani abu da masu shiri suke yawan mantawa, shi ne cewa mutane da dama suna sayen data mai rahusa wadda aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook kaɗai, kuma irin wannan mutum idan aka turo masa adireshin da zai fitar da shi zuwa wata manhaja, ko ya danna ba zai buɗe ba. Shi a tura masa sautin kansa ne kawai zai kai shi ga shirin.

A nan ne ƙasar Hausa take da wani gado da ya kamata mai podkas ya yi amfani da shi, domin sauraron magana a lokacin da mutum ya zaɓa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun zamanin kaset ake sayen tafsirin Shehu Abubakar Gumi da waƙoƙin Mamman Shata da na Musa Ɗanƙwairo, ana ara, ana kwafa, ana kai wa 'yan uwa tsaraba a Kumasi da Yawunde da Sudan, da kaset ya kau sai faifan CD, da shi ma ya kau sai memori, har aka kai ga Bluetooth da Xender, waɗanda ke tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Karatuttukan Shehu Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya rasu a 2007, har yau ta wannan hanya suke isa ga matasan da ba su riske shi ba. A kasuwanni da tashoshin mota akwai masu tura waƙa da fim, waɗanda ake ba su ɗan kuɗi su cika wa mutum memori, kuma abin da suka ga dama suka zuba shi unguwa take ji. Wannan hanya ce ta rarraba sauti da aka gina tun kafin podkas ya zo, tana kuma kaiwa ƙauyukan da sabis bai wadata ba.

Wasu masu shiri suna ƙyamar wannan yawo, saboda duk kwafin da ya bi ta Xender ko WhatsApp ba ya shiga ƙirga, ba ya kuma kawo kuɗi. Ƙorafin yana da tushe ga wanda shirinsa ya riga ya kafu yana sayar da talla, amma ga sabon shiri hana yawon kuskure ne, domin abin da yake fama da shi rashin sani ne, kuma kwafin da ya isa Funtua ko Maraɗi ta hannun da mai shiri bai sani ba ya yi masa aikin da ba shi da kuɗin biya. Sharaɗin kawai shi ne sautin ya ɗauki adireshinsa a cikin kansa. Fayil idan ya yi yawo yakan rabu da sunansa da hotonsa, WhatsApp ma yakan canja masa suna zuwa wasu haruffa da kwanan wata, sai ya zamana wanda ya ji ya ji daɗi bai san sunan shirin ba, balle ya nemi na gaba. Shi ya sa ya wajaba a faɗi sunan shiri da lambar kashi da ranar fitowa da inda ake samunsa da baki, a farko da kuma ƙarshe, a taƙaice ba tare da an gundiri wanda ya riga ya sani ba, a kuma faɗa a fili cewa an yarda kowa ya tura wa wanda yake so. Wannan izini ba zai yiwu ba idan an yi wa shirin ado da kiɗan wani ba da yardarsa ba, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare mai kiɗan, YouTube kuma yana da na'urar gane sauti wadda ke iya toshe kashin ko ta karkatar da kuɗinsa ga mai kiɗa.

WhatsApp kansa yana da ƙofofi da suka sha bamban. Abin da aka sa a Status yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka tunatarwa ya dace da shi. Jerin aikawa na bai ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa. Zaure yana ɗaukar mutum 1024, yana kuma ba da damar muhawara, sai dai idan ba a tsare shi ba yakan cika da tallan kaya da jita-jita har masu hankali su fice. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ba ta da wannan matsala, tun da mai ita kaɗai ke magana kuma mabiya ba sa ganin lambar juna, abin da yake da muhimmanci musamman ga mata, waɗanda da yawansu ba za su shiga zauren da baƙi za su ga lambarsu ba.

[Gajeren kiɗa]

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yanzu ita ce yanko guntu, wato a ciro minti ɗaya ko ƙasa da haka daga cikin shirin a watsa a TikTok da Facebook. Guntu mai amfani shi ne wanda yake tsaye da ƙafarsa, wanda bai san shirin ba ya fahimce shi, amma ya bar shi da wata tambaya da sai cikakken kashi zai amsa. Jarabar da ke ciki ita ce a zaɓi wurin da baƙo ya yi suɓutar baki ko ya taɓa wani, a datse abin da ya zo kafinsa da bayansa, domin irin wannan ne yake tashi da sauri. Ribarsa ta kwana biyu ce, hasararsa kuwa doguwa, saboda a al'ummar da maganar addini da ta aure da ta sarauta suke da nauyi, guntun da aka raba da mahallinsa yana iya jawo wa baƙo abin da bai yi zato ba, kuma labari yana kaiwa ga sauran waɗanda ake so a gayyata, su riƙa ba da uzuri. Ban da haka, wanda ya zo don rigima rigima zai ci gaba da nema, ba zai zauna wa hirar minti 40 a kan noman rani ba. Dubban da suka kalli guntu ba su zama masu sauraro ba tukuna, sai wanda ya tashi daga guntun ya nemi uwar shirin.

Dabarar da tarihi ya fi tabbatarwa ita ce aron jama'a daga wanda ya riga ya tara. Shirin Serial na Amurka, wanda Sarah Koenig ta gabatar a kan wani kisa da aka yi a birnin Baltimore a 1999, ana yawan kawo shi misalin podkas da ya yi tashe dare ɗaya, domin ya fara a watan Oktoban 2014, kafin ƙarshen Nuwamba kuma an sauke shi sau miliyan 5 a iTunes, da saurin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa kashinsa na farko an watsa shi ne a cikin This American Life, shirin rediyo da yake gudana tun 1995 yana da ɗimbin masu sauraro, kuma ita Koenig ma'aikaciyarsa ce. Ingancin aikin shi ya riƙe mutane har kashi na 12, amma tsohon shiri ne ya kawo su bakin ƙofa. Ƙaramin mai shiri yana iya yin irin wannan gwargwadon ƙarfinsa, ya yi musayar sanarwa da wani shiri mai kama da nasa, kowa ya yi wa ɗan uwansa kwatance da bakinsa, ko ma kowa ya ɗora kashi guda na ɗayan a jerinsa. Wannan ya fi tallan Facebook kaiwa ga biyan buƙata, domin wanda aka samu ta nan ya riga ya san yadda ake sauraron podkas, an tsallake matakin da ya fi wuya. Gayyatar baƙo mai jama'a ma aro ne, da sharaɗin a sauƙaƙa masa aikin, a ba shi guntu da hoto a shirye ranar fitowa, a kuma sani cewa mabiyansa shi suka biyo, kaɗan ne za su tsaya bayan ya tafi.

Babban wurin aro a ƙasar Hausa har yanzu rediyo ne. Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta kafa a Yamai a 2016, yana shirya shirye-shirye da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara su watsa, sannan a ajiye sautin a intanet, ke nan shiri ɗaya yana tafiya da ƙafa biyu. Jaridar Aminiya ma da ta fito da Najeriya a Yau da Daga Laraba, masu karatunta ta fara kira. Tun daga buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, dukkansu kuma suna da sa'o'in da suke neman abin cikewa, saboda haka mai podkas da yake da shiri mai tsabta yana iya neman a watsa masa taƙaitacce, a ambaci inda ake samun cikakke. Abin lura shi ne a rubuta yarjejeniya tun farko a kan wanda ya mallaki sautin da wanda zai karɓi kuɗin talla.

Sunan shiri ya zama gajere, wanda za a iya ji sau ɗaya a rubuta daidai. Hausa tana da wata matsala a nan, domin mafi yawan mutane ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a wayoyinsu, ba kowace manhaja ce kuma take ɗaukar mai lanƙwasa da marar lanƙwasa a matsayin abu ɗaya ba, saboda haka ya dace a rubuta sunan da ƙa'ida a sama, a kuma saka shi ba lanƙwasa a cikin bayani. Bayanin kansa ya fi nauyi a Hausa fiye da a Turanci, tun da na'urorin da ke mayar da magana rubutu ba su ƙware a Hausa ba, Apple ma da ya fito da wannan hidima a 2024 da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci ya fara, don haka abin da mai shiri bai rubuta da hannunsa ba, mai bincike ba zai gan shi ba. Taken kashi ya faɗi abin da ke ciki da kalmomin da mutane suke amfani da su, kamar farashin taki ko kuɗin makaranta, maimakon lamba tsura.

Rana tsayayyiya kuwa ita ce ke maye gurbin mitar da podkas ba shi da ita. Masu shirya fina-finai masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, sun gane wannan, kowanne yana da ranarsa a mako da jama'a suka haddace har ba sa jiran sanarwa. Gara kashi ɗaya duk mako biyu wanda ba ya saɓawa da a yi alkawarin kullum a gaza, wanda kuma ya san zai gaji ya tsara shirin zango-zango, ya faɗi ranar tafiya hutu da ranar dawowa. Haka ma batun shirin, wanda aka keɓe wa masu kiwon kaji ko ɗaliban jinya ya fi saurin yaɗuwa a kan wanda aka ce na al'amuran rayuwa ne, domin mai sauraro ya san takamaiman wanda zai tura wa.

Lambobin da kamfanin ajiya yake nunawa suna buƙatar a karanta su da hattara. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar masu tallan intanet ta Amurka, IAB, ta shimfiɗa, ana ƙirga saukewa ɗaya ne idan na'ura ta ja abin da ya kai minti ɗaya na sauti, ana kuma ƙirga na'ura ɗaya sau ɗaya a awa 24, amma wannan bai nuna cewa wani kunne ya ji ba, tun da manhajoji suna saukewa da kansu. An ga haka ƙarara a ƙarshen 2023, lokacin da Apple ya fito da sabon tsarin wayoyinsa, iOS 17, ya daina sauke tsofaffin fitowa kai tsaye ga wanda ya daɗe bai saurara ba, sai lambobin manyan shirye-shirye suka faɗi warwas alhali ba wanda ya guje su. A ƙasar Hausa kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen, saukewa ɗaya ta zama kunnuwa goma a majalisa ko ta bi Xender zuwa wayoyi da yawa. Abin da ya fi gaya wa mai shiri gaskiya shi ne zanen da YouTube da Spotify da Apple suke nunawa na inda mutane suke tsayawa, domin idan rabinsu sun fice kafin minti na uku, laifin doguwar gaisuwa da shimfiɗa ne, kuma ƙara talla a wannan hali ƙara yawan masu ficewa ne. Bayansa sai adadin da kowane kashi ya samu a kwanaki 7 na farko, a jera su a ga ko tushen yana kauri.

Daga nan ake gane rashin amfanin sayen mabiya. A 2022 kafar Bloomberg ta ba da rahoton cewa wasu manyan kamfanonin podkas a Amurka suna sayen talla a cikin wasannin waya, inda mai wasa yake barin shiri ya yi ta magana na ɗan lokaci don a ba shi lada a wasan, kowane ɗaya kuma ya shiga ƙirga. Irin wannan taron tsintsiya ne ba shara, a YouTube ma cutarwa yake yi, domin idan aka nuna sabon kashi ga mabiyan bogi ba su buɗe ba, na'urar takan ɗauka shirin ne ba ya jan hankali. Sharaɗin YouTube na raba kuɗin talla ma bai tsaya a mabiya 1000 ba, ga mai dogon bidiyo sai an haɗa da awa 4000 na kallo a cikin wata 12. Roƙon masu sauraro su ba shiri taurarin yabo a manhaja kuma, wanda masu shiri suke kwaikwayo daga Turawa, Apple da kansa ya bayyana cewa ba ya shiga lissafin jerin shirye-shiryen da ke kan gaba, abin da ke shiga shi ne sauraro da sababbin mabiya da kammala kashi. Talla ta kuɗi tana iya biyan kuɗin sabulu idan an keɓe ta ga gari ɗaya da rukunin mutane ɗaya, aka kuma jinkirta ta har sai an tabbatar waɗanda suka zo da kansu suna dawowa.

Riƙe wanda ya zo kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Rediyon Hausa ya daɗe da sanin cewa mutum yana manne wa shirin da ya ji sunansa a ciki, shi ya sa Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya haifar da ƙungiyoyin masu gaishe-gaishe a garuruwa, sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya ware Amsoshin Takardunku don tambayoyin jama'a, a Nijar kuma tun farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyoyin sauraro da ke zama su ji shiri tare su mayar da martani. Saƙon murya na WhatsApp ya sa wannan ya fi sauƙi a yau, domin bai buƙatar iya rubutu, kuma wanda aka sa muryarsa a shiri shi ne zai fara tura kashin ga danginsa, ko yana Agadas ko yana Sabon Zango a Akara ko yana aiki a Jidda. Wajibi ne dai a nemi izininsa kafin a watsa, a kuma tambaye shi ko yana so a ambaci sunansa, sannan lambobin da aka tara amana ne, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta hana a yi amfani da su a abin da masu su ba su amince ba, kamar miƙa su ga mai talla.

Waɗannan lambobi da adireshin RSS su ne kaɗai abin da mai shiri ya mallaka da gaske, sauran duk zaman haya ne. Facebook ya buɗe sashen podkas a 2021 ya rufe a 2022, gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Satumban 2021 kuma an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Saboda haka kafin a zaɓi kamfanin ajiya, a tabbatar yana yarda a karkatar da adireshin zuwa wani kamfani idan an tashi ƙaura, domin da wannan karkatarwa ce mabiya suke bin shirin ba tare da sun sake rajista ba, a yi rajistar kowace manhaja da imel na shirin maimakon na wani ma'aikaci da zai iya tafiya da shi, a kuma ajiye asalin sautin kowane kashi a wuri biyu da ba sa dogara da intanet.